Jirgi Ya Dawo, Kujera Ta Yi Nisa

Mutumin da zai tashi daga wani ƙauye a fadamar Jahun zuwa ƙasa mai tsarki, ɗan acaɓa ne yake fara ɗaukarsa. Shi zai ratsa da shi cikin rairayi da kwazazzabai, jaka a kan tankin babur, har su hau kwalta. Daga nan mota ta kawo shi cikin garin Jahun, inda jami'in alhazai na ƙaramar hukuma yake tattara mutanensa, sai a bi ta Kiyawa a nufi Dutse, a shiga sansanin alhazai ana jiran kiran sawu. Wani ya kwana ɗaya, wani ya kwana uku, kowa cikin yadin da hukuma ta raba, fasfo da katin rigakafi a 'yar jakar da ke rataye a wuya, hannu na yawan kai mata ziyara don a tabbatar tana nan. Idan aka kira suna aka hau jirgi, kuma hanyar sama a buɗe take, awa huɗu zuwa biyar ya isa a sauka Jidda ko Madina. Mafi yawan mutanen wannan yanki da suka taɓa shiga jirgin sama, wannan tafiya ce ta shigar da su, kuma da yawansu daga ita ba za su ƙara ba. Saboda haka duk wanda zai yi maganar makomar tafiyar jirgin sama bayan annobar korona, in dai daga Jahun ko Miga ko Auyo yake kallon lamarin, maganar kujerar Hajji yake yi. Abin da nake son nunawa shi ne, jirgi ya dawo aiki kamar yadda yake kafin annoba, amma kujerar da ke cikinsa ta ƙara nisa da manomin fadama, kuma abubuwan da suka nisanta ta duk a ƙasa suke: darajar naira, takardun lafiya, da hanyar da za ta kai mutum bakin jirgin.

Yana da kyau a tuna yadda ƙofar ta rufe. A ƙarshen Fabrairun 2020 Saudiyya ta dakatar da shigar masu Umara, kuma a daidai wannan lokaci, ranar 27 ga watan, aka tabbatar da mutum na farko da ya kamu da cutar a Najeriya, wani ɗan Italiya da ya sauka Legas ta jirgin sama. Kafin Maris ya ƙare an rufe filin jirgin Malam Aminu Kano da na Legas da na Abuja ga jiragen ƙasashen waje. Jiragen cikin gida, da su ma aka dakatar, ba su dawo ba sai a watan Yuli, na waje kuma sai ranar 5 ga Satumba, shi ma a Legas da Abuja kaɗai. Kano, wadda ita ce ƙofar Arewa tun da jiragen farko suka sauka a cikinta a 1925, ta ci gaba da jira har watan Afrilun 2021. A tsakanin nan an binne mutane da yawa. Ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce kusan mutum dubu ne suka rasu a Kano cikin 'yan makonni, kuma rabi ko fiye na mace-macen na da alaƙa da cutar. An kuma ba da rahoton yawaitar rasuwar dattawa a Haɗejiya cikin watan Mayu. Hajjin wannan shekara 'yan tsirarun mazauna Saudiyya ne suka yi shi, na 2021 kuma mutum 60,000, su ma mazauna can. Shekara biyu cur babu maniyyaci ko ɗaya da ya tashi daga Jigawa.

A wancan lokaci an yi ta hasashen cewa sufurin jirgin sama ba zai sake komawa yadda yake ba. Hasashen yana da dalili, domin hukumar sufurin jiragen sama ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ICAO, ta ƙiyasta cewa fasinjojin duniya sun faɗo daga biliyan 4.5 a 2019 zuwa biliyan 1.8 a 2020. An ce 'yan kasuwa sun koyi yin taro ta intanet, ba za su ƙara ɓata kuɗin tikiti ba, kuma tsoron cunkoso zai zauna a zukatan mutane. Bai zauna ba. Zuwa 2024 zirga-zirgar fasinjoji a duniya ta zarce ta 2019. To amma Afirka, duk da yawan jama'arta, rabonta a wannan zirga-zirga bai wuce kusan kashi biyu cikin ɗari ba, kuma Hajji shi kansa bai koma inda yake ba: kusan mutum miliyan biyu da rabi suka tsaya Arfa a 2019, a 2023 kuwa, bayan an ɗage duk takunkumi, kimanin miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas. Hasashen nan na taro ta waya bai ma shafi mutumin Jahun ba tun farko. Tafiyarsa ba irin wadda na'ura za ta ɗauke masa ba ce, ba a tsayuwar Arfa daga gida. Buƙatarsa ga jirgi tana nan daram, kuma jinkirin shekara biyu ƙara mata ƙarfi ya yi. Idan har adadin masu tafiya ya ragu alhali niyya ba ta ragu ba, to lalle wani abu ne ya tsaya a tsakani.

An fara ganin alamarsa a 2022. Da Saudiyya ta buɗe ƙofa a wannan shekara, mutum miliyan ɗaya ta amince wa, ta ba Najeriya kujeru 43,008 maimakon 95,000 da aka saba, ta kuma ce wanda ya haura shekara 65 ya dakata. A ƙasar da matashi mai albashi yake iya biyan kujera cikin shekara biyu, wannan sharaɗi ƙaramin abu ne. A fadamar Haɗejiya kuwa, inda mutum yake kai wa ga kuɗin Hajji bayan ya aurar da 'ya'ya, ya tara 'yan shanu, ya ga damina mai kyau sau da yawa a jere, sharaɗin ya faɗa ne kan ainihin waɗanda suka fi jira. Cikin waɗanda suka ajiye kuɗi tun 2020 akwai waɗanda shekaru suka fitar da su, akwai waɗanda mutuwa ta riga jirgi zuwa gare su, saura kuma aka ce su kawo ciko. Jigilar ma an yi ta ne cikin gaggawa, har ɗaruruwan maniyyatan Kano suka rasa Hajjin bayan sun biya komai, hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, ta fito ta ba da haƙuri. An cire sharaɗin shekaru a 2023, an mayar wa Najeriya kujerunta 95,000. Sai dai cikon nan da aka fara nema a 2022 shi ne bai tsaya ba.

A nan ya kamata a zauna a yi lissafi, domin lissafin ne zuciyar maganar. A 2019 kujerar Hajji ta hannun hukumomin jihohi tana kusan naira miliyan ɗaya da rabi. A 2022 ta kai kusan miliyan biyu da rabi, a 2023 ta kusa miliyan uku. A 2024 an fara sanar da kimanin miliyan 4.9, ana dab da tafiya aka ce kowa ya ƙaro kusan miliyan 1.9, wanda kuma bai yi rajista da wuri ba aka yanka masa sama da miliyan takwas. A 2025 maniyyacin yawancin jihohin Arewa ya biya kimanin miliyan 8.4. Wanda ya kalli waɗannan alƙaluma zai ɗauka Saudiyya ce ta ninka kuɗin masauki da na jirgi har sau biyar. An samu ƙari a can, gaskiya ne, amma in aka mayar da kuɗin zuwa dala sai hoton ya sauya. Miliyan ɗaya da rabi a canjin gwamnati na 2019, wato kusan naira 306 kowace dala, ya kama kusan dala dubu biyar. Miliyan 8.4 a canjin da ya haura naira 1,500 ya kama dala dubu biyar da 'yan ɗaruruwa. Kenan farashin tafiyar a kasuwar duniya kaɗan ya motsa, kuɗin hannunmu ne ya zube, musamman bayan da aka saki naira ta nemi farashinta a watan Yunin 2023. A auna da mafi ƙarancin albashi, sai a ga zurfin ramin. A 2019 albashin naira 30,000 ne, kujera kuma albashin wata hamsin. Bayan an ɗaga shi zuwa 70,000 a 2024, kujerar 2025 ta zama albashin wata ɗari da ashirin, shekara goma ba a ci ba a sha ba. Ba abin mamaki ba ne da Najeriya ta kasa cike kujerunta 95,000 a 2024 da 2025, ƙasar da a da ake neman alfarma kafin a samu gurbi.

Dalilin da ya sa jirgi ya fi komai jin faɗuwar naira a fili yake. Hayar jirgin da dala ake biya, haka inshorarsa, haka kayan gyaransa, manyan gyare-gyare ma sai an kai shi waje. Man da yake sha farashin duniya yake bi. A watan Mayun 2022 kamfanonin jiragen cikin gida sun yi barazanar dakatar da aiki, suna cewa litar man jirgi ta tashi daga kusan naira 190 zuwa 700, kuma a farkon shekarar ne suka mayar da mafi ƙarancin tikiti naira 50,000. Kamfanonin waje kuma kuɗinsu ya maƙale a Najeriya saboda ƙarancin dala, har ya haura dala miliyan 800 a 2023, abin da ya sa Emirates ta janye jiragenta daga ƙarshen 2022 ba ta dawo ba sai Oktoban 2024. Yanzu matatar Ɗangote tana tace man jirgi a gida, har tana sayarwa waje, kuma wannan ci gaba ne, sai dai mai da aka tace a Legas ba ya zama mai arha don kawai a Legas aka tace shi. Sannan ga hanyar saman kanta. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, dole jiragen alhazai suka riƙa zagaye, kamfanoni suka nemi ƙarin dala 250 a kan kowane maniyyaci, aka taɓa har kuɗin guzuri. Wannan ƙasa ta Sudan ita ce dai kakanninmu suka riƙa ratsawa a ƙafa, ta Barno da Wadai da Darfur har bakin Bahar Maliya, suna tsayawa su yi noma ko ƙodago su tara guzurin gaba, tafiyar shekaru. Da yawa ba su dawo ba, zuriyarsu na can, kamar mutanen Mai Wurno a bakin kogin Nilu, waɗanda suka yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. A 1948 Alhaji Mahmud Ɗantata da abokansa suka kafa ƙungiyar WAPA a Kano don kai alhazai da mota, daga baya aka koma jirgi. Jirgi ya taƙaita tafiyar shekaru zuwa yini guda, amma ya ɗaure ta da wani kuɗi da manomi ba ya nomawa, kuma ba shi da iko da farashinsa.

Akwai wani abu da mai zama a ofis a Abuja ba lalle ya lura da shi ba, wato lokacin biya. Tun bayan annoba Saudiyya ta matso da jadawalinta gaba: a kama masauki da tantunan Mina da wuri, a rufe biza makonni kafin Arfa. Wannan ya sa hukumomin jihohi suke neman a kammala biya watanni da yawa kafin tafiya, wanda a shekarun nan yake faɗowa tsakanin kaka da tsakiyar hunturu. A fadamar Haɗejiya wannan ne lokacin da amfanin damina ya cika kasuwa farashi ya faɗi, alkama da shinkafar rani kuma suna gona, suna cin kuɗin taki da na man injin ban-ruwa, ba za a girbe su ba sai zafi ya shigo. Manomin da ya ƙudurta tafiya sai ya kwashi buhunansa ya kai kasuwar Gujungu ya sayar a farashin kaka, ko ya karya da sa, ko ya jinginar da gona. Wanda ya tara kuɗin kujera a naira tun 2022 kuwa, a 2025 ya ga abin da ya tara ya koma kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da ake nema. Hukumar alhazai ta ƙaddamar da asusun adashen gata tare da bankin Jaiz a Kano a 2020, kuma tunani ne mai kyau. Amma adashen da aka zuba a naira, aka ajiye a naira, don sayen abin da farashinsa ke dala, rabin maganin kawai ya kawo. Malesiya ta kafa nata asusun, Tabung Haji, tun 1963, yana juya kuɗin masu ajiya cikin halastattun harkoki yana ba su riba, har ya zama ginshiƙin tafiyar Hajjin ƙasar. Abin da ya dace da Jigawa shi ne asusun da zai karɓi ajiya a lokacin da manomi yake da kuɗi, bayan girbin rani, ya kuma adana wani kaso nata cikin abin da ba ya narkewa da faɗuwar naira, ta yadda wanda ya biya rabin kujera zai wayi gari har yanzu rabin kujera yake da shi.

Na san abin da za a ce, kuma masu faɗarsa ba mutanen banza ba ne. Za a ce Hajji wajibi ne kan mai iko kaɗai, wanda bai samu ba babu laifi a kansa, don haka babu dalilin da hukuma za ta damu da tsadar kujera a jihar da ambaliya ke cinye gonaki, a ƙaramar hukumar da babban asibitinta ya shahara saboda yawan matan da ake kawowa cikin naƙuda mai tsanani. Ƙungiyar likitoci ta MSF tana aiki a asibitin Jahun tun 2008, tana karɓar haihuwa mai haɗari tana yi wa masu yoyon fitsari aiki, kuma matan da ake kawowa daga nesa sukan iso a makare saboda rashin hanya da rashin abin hawa. Wanda ya san wannan, in ya ji cewa gwamnatin tarayya ta zuba naira biliyan 90 a matsayin tallafin Hajjin 2024, yana da haƙƙin ya yi tambaya. Ni ma ina tare da shi a kan tallafin. Kuɗin jama'a da aka rage wa mutum dubu hamsin ko sittin farashin kujera da shi, ciki har da masu zuwa karo na biyar, an ɗauke shi ne daga bakin wasu miliyoyi, kuma shekara na zagayowa za a sake neman wani. Inda na rabu da masu wannan magana shi ne zaton cewa kare ajiyar manomi da ba shi tallafi abu ɗaya ne. Mutumin da ya yi shekara goma yana tarawa daga guminsa ya cika sharaɗin iko da ƙoƙarinsa, manufar kuɗi da aka yanke a wani wuri ce ta warware masa. Bai nemi a ba shi ko kwabo ba. Tsarin da zai hana ajiyarsa zubewa ba ya cin kasafin asibiti, kuma hanyar da za ta fito da shi daga ƙauye zuwa Dutse ita ce dai za ta kawo mai naƙuda Jahun kafin lokaci ya ƙure.

Abu na biyu da annoba ta bari shi ne takarda. Tun da daɗewa Saudiyya tana neman shaidar rigakafin sanƙarau da shawara da shan inna daga alhazan Najeriya, kuma katin nan mai ruwan ɗorawa ba baƙo ba ne. Abin da ya sauya shi ne yanzu shaida ta koma cikin na'ura. A shekarun annoba sai da sakamakon gwaji da lambar da ake dubawa da waya, yau kuma shiga Rauda a Madina sai da izini ta manhajar Nusuk, shiga wuraren ibada a kwanakin Hajji sai da katinta. Dattijuwar da ta fito daga Aujara ko Harbo da ƙaramar waya mai madannai ta dogara ne kacokan ga jami'in da ke riƙe da sunanta, kuma kuskuren harafi ɗaya tsakanin fasfo da lambar zama ɗan ƙasa ya isa ya tsayar da ita. Ba na ganin wannan tsari zai koma baya, kuma ba na fatan ya koma, domin taron mutum miliyan biyu daga kowace kusurwar duniya wuri ne da cuta ke samun hanya. Abin da ya kamata a koya daga Disambar 2021 ne, bayan da nau'in korona na Omicron ya ɓulla, Ingila ta sa Najeriya cikin jerin ƙasashen da ta rufe wa ƙofa, Saudiyya ta dakatar da jiragen da ke tasowa daga nan. Mutane da yawa sun ga rashin adalci a matakin, kuma suna da hujja, tunda cutar ta riga ta bazu a Turai. Amma ya nuna cewa idan wata annoba ta sake tasowa, ƙasar da ba a yarda da gwajinta da katinta ba ita za a fara rufe wa ƙofa, ita za a buɗe wa a ƙarshe. Yardar nan kuwa a ƙananan asibitoci ake gina ta: allurar da aka yi da gaske kafin a buga hatimi, firjin da bai mutu ba, rajistar da aka rubuta daidai. Kati ɗaya na bogi da aka kama a Jidda yana iya jawo wa jiha guda bincike.

Sai maganar filin jirgin Dutse, wanda gwamnatin Sule Lamiɗo ta gina, Shugaba Goodluck Jonathan ya buɗe a watan Oktoban 2014, aka kuma sa masa sunan marigayi Sarkin Dutse Nuhu Muhammad Sanusi a 2023. Tun ana gininsa ake cewa Kano na nan kusa, tafiyar kusan awa biyu a mota, me za a yi da wani fili? Kuma gaskiya ne fasinjan yau da kullum bai taɓa yawa ba. Kamfanin Overland ya yi jigila tsakanin Abuja da Dutse da ƙananan jirage, amma garin da yawancin matafiyansa ma'aikatan gwamnati ne ba ya cika jirgi kowace rana, balle bayan da tikiti ya fi ƙarfin albashi. Duk wanda ya yi alkawarin cewa Dutse za ta zama mahaɗar jirage nan kusa, bai faɗi gaskiya ba. Sai dai filin an riga an gina shi, tambayar da ta rage ita ce me za a yi da shi. Aikin da ya tabbata yana yi shi ne jigilar alhazai, kuma wanda ya san yadda dattawan Jigawa suke kwana a sansanin wata jiha suna jiran sawu, nesa da danginsu da jami'ansu, ba zai raina wannan aiki ba. Ya fi kyau a kira filin da sunan aikinsa, a yi masa kasafi daidai da shi, a kula da titinsa da fitilunsa da motocin kashe gobara duk shekara, a bar kashe kuɗi wajen roƙon kamfanoni su riƙa tashi da kujeru babu kowa. Akwai kuma wasu ayyukan jama'a da yake iya ɗauka, kamar ƙananan jiragen feshin tsuntsayen jan-baki da ke afka wa shinkafa da gero daga cikin kacalar da ta toshe hanyoyin ruwa, da kai agaji lokacin ambaliya.

Wasu kuma sun ɗora fatansu kan dakon kaya. Tunanin ya samu ƙarfi ne a lokacin annoba, sa'ad da kamfanoni irin Ethiopian suka cire kujeru suka loda magunguna da kayan asibiti, suka tsira da haka. Jigawa tana cikin manyan masu noman riɗi da zoɓo, ana kai riɗinta Japan da Turkiyya da Sin, zoɓonta kuma Meziko, to me zai hana a ɗaga su daga Dutse? Abin da zai hana shi ne nauyi da farashi. Riɗi da busasshen zoɓo ba sa lalacewa a wata biyu, don haka kwantena da jirgin ruwa suke bi, kuma babu mai saye da zai biya kuɗin jirgin sama a kansu. Kayan da ke hawa jirgi su ne masu tsada masu saurin lalacewa, irin furannin da Kenya da Habasha ke aikawa Turai, kuma waɗannan sai da ɗakunan sanyi tun daga gona, da wutar da ba ta ɗaukewa, da takardun ingancin da mai saye ya amince da su. Kifin Haɗejiya da tumatir da tattasan fadama kasuwarsu na Kano da Abuja da Legas, kuma a mota suke zuwa. Ranar da aka samu sanyi da wuta da hanya, za a iya maganar jirgin kaya. Kafin nan, gina rumbun kaya a bakin titin jirgi sa kuɗi ne a inda ba za su dawo ba.

Hanyar ita ce abin da kowace magana take komawa kai. Kogin Haɗejiya, wanda madatsun Tiga da Challawa suke riƙe da ruwansa daga sama, yana ba da noman rani yana kuma karɓar abinsa da damina. A 2022 ambaliya ta yanke hanyoyi ta karya gadoji a sassa da dama na Jigawa, garuruwa suka koma shiga da fita da kwalekwale. Tsohon layin dogo na Kano zuwa Nguru, wanda ya bi ta Ringim da Malam Madori tun 1930, bai ratsa Jahun ba. Sabon layin Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021 yana da reshe zuwa Dutse, kuma in aka kammala shi zai sauya lissafin duka, domin zai haɗa Dutse da filin jirgin Kano cikin sauƙi da arha, ya ɗauki riɗin da jirgin sama ba zai ɗauka ba. Amma ko shi, sai an iso tasha kafin a hau, kuma tsakanin gona da tasha akwai kwalbatocin da ruwa ke tafiya da su kowace shekara.

A 'yan shekarun nan an yi sa'a jigilar alhazai tana faɗowa kafin ruwa ya sauka sosai, tunda Hajji yana matsowa da kusan kwana goma sha ɗaya kowace shekara: ƙarshen Yuli a 2020, farkon Yuni a 2025. In aka ci gaba da wannan lissafi, zuwa 2030 Arfa za ta kasance cikin Afrilu, zuwa 2035 cikin Fabrairu, wato za a riƙa kwasar maniyyata a tsakiyar hunturu, lokacin da hazo kan rufe sararin Kano da Jigawa har a soke tashin jirage kwana da kwanaki. An taɓa yin irin wannan zamani. A watan Janairun 1973 ne jirgin da ya ɗauko alhazai daga Jidda ya yi hatsari wajen sauka a Kano, mutum 176 suka rasu. Jiragen yau sun fi na wancan lokaci nesa ba kusa ba, amma sauka cikin hazo yana buƙatar na'urorin da ke jagorantar matuƙi har ƙasa, a kuma riƙa gwada su ana sabunta su a kan lokaci, da ma'aikatan da aka horar. Da jadawalin Saudiyya da ba ya jiran kowa, kwana huɗu na hazo a Dutse sun isa su sa sawu guda ya rasa Hajji kamar yadda ya faru da mutanen Kano a 2022. Kayan nan da dala ake sayensu, ba a kuma kafa su cikin wata guda, don haka gwamnatin Malam Umar Namadi da hukumomin jiragen sama na tarayya suna da 'yan shekarun da ke tafe su sa su cikin kasafi, tun jigila tana faɗowa a watannin da sama take garau.